T-Stoff, C-Stoff, Z-Stoff: sirri Jamusawa suke ɓoyewa ko kuwa sauƙin aiki ne kawai?

Bazazzagi_77:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da yake ɗaure min kai a tarihin yaƙin duniya na biyu, duk inda aka yi maganar rokar V-2 ko jirgin nan Me 163 sai ka ji ana T-Stoff, C-Stoff, Z-Stoff, A-Stoff. Ni abin da na ɗauka shi ne sun laƙaba waɗannan harufan ne don kada Ingila da Amurka su gane irin man da suke zubawa. To amma in sirri ne tsararre, ya aka yi harafi ɗaya yake da ma'ana biyu? Don na ga B-Stoff wani wajen an ce barasa ce wani wajen an ce wani sinadari ne daban. Masana a taimaka a warware mana, wanne ne wanne, kuma mene ne dalilin.

Malam_Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Stoff a Jamusanci abu kawai yake nufi ko sinadari, to T-Stoff kamar ka ce "sinadarin T" ne. A-Stoff iskar oksijin ce da aka sanyaya har ta koma ruwa, sai ta kai digiri 183 ƙasa da sifili take zama haka. B-Stoff na cikin V-2 barasa ce, etanol kashi 75 ruwa kashi 25. T-Stoff haidirojin faroksaid ne mai ƙarfin kusan kashi 80. Z-Stoff ruwan famanganet ne, shi ba mai ba ne sam, aikinsa ya tunzura T-Stoff ya fashe ya koma tururi da oksijin. C-Stoff kuma haɗi ne na metanol da haidirazin da ɗan ruwa, metanol ɗin ya fi rabi. M-Stoff metanol ne zalla. Akwai wasu amma waɗannan su ne aka fi ji.

Ummu_Hanan:
Malam tsaya, haidirojin faroksaid dai wanda muke wanke ciwo da shi? Ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum ina zuba shi a rauni yana kumfa, ban taɓa tunanin zai tada roka ba wlh.

Malam_Kimiyya:
Shi ne Hajiya, amma na hannunku kashi 3 ne ko 6, sauran duk ruwa ne. Kumfar da kike gani oksijin ne yake fita saboda wani sinadari da ke cikin jini yana farfasa shi. To ki ƙiyasta wanda ya kai kashi 80, wannan in ya zuba a tsumma ko katako ko takalmin fata da kansa yake kama wuta, ƙura ma in ta shiga tankinsa tana iya jawo ya fara tafasa.

Injiniya_Gobir:
Bari in ƙara a kan bayanin Malam don mutane da yawa suna rikita wannan. A V-2 ba T-Stoff ne yake tura rokar ba. A da B ne suke ƙonewa a injin, wajen tan 5 na ruwan oksijin da kusan tan 4 na barasa, kuma duk suna ƙarewa cikin daƙiƙa 65 ko kusa da haka. Matsalar ita ce ta ya za ka ɗura fiye da kilo 120 na mai cikin injin a kowace daƙiƙa? Sai da famfo mai tsananin ƙarfi. To shi famfon ne ake juyawa da tururi, tururin kuma daga haɗuwar T da Z yake fitowa a wata 'yar tukunya, T-Stoff ɗin ma bai kai kilo 200 ba. Kenan roka ɗaya ruwa huɗu take sha, kowanne da motarsa kowanne da tiyonsa, kuma sojoji ne suke ɗurawa a daji ƙarƙashin bishiyoyi a Holan suna sauri kada jiragen Ingila su hango su. Ni a nan nake ganin amsar Bazazzagi, sojan da ba ɗan kimiyya ba ka ce masa A nan B can ya fi sauƙi a kan ka tsaya kiran dogayen sunaye.

Dan_Bukuru:
Ruwan da aka sa a barasar fa? Ko ƙaranci ne ya sa suke sirkawa

Injiniya_Gobir:
A'a da gangan ne, ruwan yana rage zafin wutar don kada injin ya narke, kuma barasar sai ta zagaya jikin injin ta sanyaya shi kafin ta shiga ta ƙone. Ƙarancin da ake fama da shi na fetur ne, shi ma yana cikin abin da ya sa barasa ta yi musu daɗi tunda daga dankalin turawa ake tatso ta. An ƙiyasta roka ɗaya tana cin wajen tan 30 na dankali.

Dan_Bukuru:
Kai! Tan 30, tirela guda cur kenan. Mu da muke noma shi mun san wahalar da ake sha kafin a tara buhu ɗari. A lokacin da mutanensu suke layin abinci da kati. Allah ya kyauta.

Direba_Mai_Tanka:
Ni dai da Injiniya nake. Mu a harkarmu ba wanda yake ɓoye wa kowa komai amma a jikin tanka PMS ake rubutawa ko AGO ko DPK, wato fetur ko dizal ko kananzir, a takardar lodi ma haka. Kuma duk wanda ya daɗe a hanya ya san abin da yake faruwa in aka yi lodin kananzir a tankar da ba a wanke ragowar fetur ba, gidaje nawa fitila da risho suka tashi da su saboda wannan sakacin. Gajeren suna babba a jikin tanki ceton rai ne, daga nesa kake hango shi.

Tarihi_Madubi:
Yallabai Direba maganarka ta fi dacewa da Me 163, wanda suke kira Komet. Alexander Lippisch ne ya zana jirgin, injin kuma na kamfanin Hellmuth Walter ne da ke Kiel. Shi T da C yake sha, kuma su biyun ba sa buƙatar ashana, suna taɓa juna wuta ce. Shi ya sa motar T daban motar C daban, an rubuta harafin ɓaro-ɓaro, ba sa zuwa wajen jirgi lokaci ɗaya, in ɗaya ta gama sai an wanke ko'ina da ruwa sosai kafin ɗayar ta matso. Abin tausayin shi ne matuƙin, akwai ƙananan tankunan T-Stoff biyu a cikin ɗakin tuƙin, ɗaya dama ɗaya hagu da shi. Jirgin in ya tashi yar da tayoyinsa yake yi, man ya ƙare cikin minti bakwai da rabi ko makamancin haka, sai ya dawo ba inji ya sauka yana jan ciki a kan wani dogon sanda da ke ƙarƙashinsa. In filin ya yi gargada kuma akwai ragowar mai a tanki to sai dai addu'a. Josef Pöhs, gwanin matuƙi ne, ranar 30 ga Disamba 1943 a Bad Zwischenahn jirginsa ya faɗi jim kaɗan da tashi, T-Stoff ya malale masa a jiki, ko da aka iso ya riga ya cinye shi. Rigar kariyar da ake ba su ba ta hana shi ratsawa in ya yi yawa.

Ummu_Hanan:
Innalillahi. Wannan ai ya fi ƙuna muni. To duk wannan kasadar ya yi musu wani amfani kuwa?

Tarihi_Madubi:
Gudu kam ya yi Hajiya, tun 2 ga Oktoba 1941 Heini Dittmar ya haura kilomita 1,000 a awa da samfurin farko, wanda shi T da Z kawai yake amfani da su. Amma a fagen daga jiragen da rundunar JG 400 ta kakkaɓo daga sansaninta na Brandis kusa da Leipzig ba su kai 20 ba, alhali an ƙera Komet sama da 300.

Bazazzagi_77:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu ban yarda cewa sauƙin aiki ne kaɗai ba. In don soja ya gane ne me ya hana a rubuta O a tankin oksijin tunda da shi sunan ya fara? Me ya haɗa T da haidirojin faroksaid? Ai ka ga an zaɓi harafin da ba zai nuna komai ba.

Dan_Damagaram:
Gaskiyarka ɗan'uwa, ni ma sirri na fi gani. Takardun jirgin ƙasa, wayar tarho, saƙon rediyo, duk suna iya faɗawa hannun abokan gaba, ga kuma ma'aikatan ƙasashen da suka mamaye cike da masana'antunsu. In ɗan leƙen asiri ya ga an rubuta tarago goma na T-Stoff sun nufi Peenemünde, cibiyar gwajin rokokinsu, bai san komai ba sai ya samo ruwan a kwalba. Kuma haka aka yi. A watan Mayun 1944 wata V-2 ta gwaji ta faɗa gefen kogin Bug a Foland ba ta tarwatse ba, 'yan gwagwarmayar Foland suka ɓoye ta a cikin ruwa kafin Jamusawa su iso, daga baya suka kwance ta. Wani farfesan kimiyya a Warsaw, Marceli Struszyński, shi ya auna ruwan da aka kawo masa ya gano faroksaid ne mai ƙarfin da ba a zaci ana iya yi da yawa ba. A ƙarshen Yuli jirgin Ingila ya sauka da dare a wani fili ya kwashi sassan da rahoton zuwa Landan. In da sunan a fili yake da ba a sha wannan wahalar ba.

Injiniya_Gobir:
Malam Dan_Damagaram ba sunan ne ya jawo wahalar ba, ko da an rubuta sunan gaskiya dole su so ganin injin da idonsu. A Landan ma gardamar da aka yi ta yi ba ta suna ba ce, Lord Cherwell mai ba Churchill shawara kan kimiyya shi bai ma yarda za a iya yin babbar roka mai shan ruwan mai ba.

Mai_Walda_Sabon_Gari:
Ni ba boko na yi mai zurfi ba amma oksijin na san shi, da shi nake cin abinci. Abu na farko da maigidana ya koya min kada hannu mai giris ko baƙin mai ya taɓa kan silinda. Na taɓa ganin yaron wani shago ya shafa wa regileta mai don ta yi tauri, yana buɗewa ta yi tsawa ta ƙone masa hannu har gwiwa. Wannan fa iska ce, to ina ga wanda ya zama ruwa tan biyar. Su waɗanda suke ɗurawar an gaya musu mene ne A ɗin ko kuwa ce musu kawai aka yi ku ɗura?

Yar_Zango_Kumasi:
Tambayar Baba mai walda ita ce ta fi taɓa ni a duk zaren nan. Don ɓoyewa ba ga abokin gaba kaɗai take ba, har da wanda ka sa aikin. Ina karatu a Jamus kuma na je Mittelbau-Dora kusa da Nordhausen, inda aka mayar da ƙera V-2 bayan jiragen Ingila sun yi wa Peenemünde ruwan bama-bamai a watan Agustan 1943. Ramuka ne a cikin dutsen Kohnstein, sanyi da danshi ko da rani, har yanzu ga ragowar ƙarafan roka nan a zube cikin ruwa. Fursunoni wajen 60,000 ne suka ratsa sansanin da rassansa, kusan 20,000 suka mutu, yunwa da duka da cuta da rataya. A watannin farko a cikin ramin suke kwana ba sa ganin rana. Kamfanin ma sunansa Mittelwerk, wato masana'antar tsakiya, sunan da ba ya gaya maka komai. Rokar kanta injiniyoyi A-4 suke ce mata, V-2 sunan farfaganda ne, V ɗin na ramuwar gayya. Ni a ganina duk tafiyar ɗaya ce, a sa wa abu harafi da lamba har ya zamana mai sa hannu a takarda ba ya jin nauyin abin da yake sa wa hannu.

Sarkin_Yakin_Intanet:
Anti wannan kuma kin kai shi nesa. Ko'ina sojoji suna da irin waɗannan sunaye, Amurka ma da take haɗa bam ɗin nukiliya ai ba ta kira abubuwan da sunansu ba. Kuma a bar wa von Braun, jagoran injiniyoyin V-2, haƙƙinsa, rokarsa ce abu na farko da ɗan Adam ya ƙera da ya leƙa sararin samaniya, Yunin 1944 ta haura kilomita 170.

Yar_Zango_Kumasi:
Yaya ba wanda ya ce ba gwani ba ne. Amma jami'in SS ne, rundunar nan ta 'yan Nazi, kuma ya sha shiga ramin nan ya ga halin da mutane suke ciki. Waɗanda suka mutu wajen ƙera V-2 sun fi waɗanda ta kashe da aka harba ta yawa, ita ta kashe wajen 9,000, a sinimar Rex ta Antwerp kaɗai mutum 567 ranar 16 ga Disamba 1944. Arthur Rudolph da ya riƙe aikin ƙerawa a Mittelwerk shi ya zo ya jagoranci aikin Saturn V, rokar zuwa wata, a Amurka, sai 1984 da aka tono maganar ya ajiye takardar zama ɗan ƙasa ya koma Jamus. Wannan ba nisa na kai shi ba, abin da ya faru ne.

Abba_Fagge:
Slm. Don Allah in mutum ya sayi na kemis da yawa zai iya mai da shi mai ƙarfi ya gwada 'yar ƙaramar roka? Don furojet ɗin makaranta

Admin_Zaure:
Abba a'a, kuma kada wanda ya ba da amsar wannan a nan. Ka karanta abin da aka rubuta a sama kan Pöhs. In furojet kake so ka yi rokar gorar ruwa da famfon keke, malamin kimiyyarku zai nuna maka. A ci gaba da tarihi.

Malam_Kimiyya:
Madalla da Admin. Abba ƙwararru ma da kayan aikinsu abin ya ci su. Ingila ta ɗauki fasahar Walter bayan yaƙi, a 1955 wani tofido, makamin da ake harbawa cikin ruwa, mai faroksaid ya fashe a jirgin ƙarƙashin teku HMS Sidon a tashar Portland, mutum 13 suka rasu, suka haƙura da irin tofidon. Rasha ta ci gaba da shi har ranar 12 ga Agusta 2000 da ya yoyo a cikin jirginta na ƙarƙashin teku Kursk, mutum 118 ba wanda ya fita.
Sai in koma kan B-Stoff da Bazazzagi ya tambaya tun farko don ba a amsa masa ba. Babu wani ofishi ɗaya da ya zauna ya raba harufan. Sojan ƙasa ne suke da V-2, sojan sama suke da Komet, sojan ruwa suna nasu, kamfanoni kuma kowa da nasa. Shi ya sa wajen mutanen V-2 B barasa ce, wajen wasu kuma B haidirazin ne. Shi kansa faroksaid ɗin a ɓangaren jiragen ruwa Aurol ko Ingolin ake ce masa. Wasu ma ba harafi ba ne, naitirik asid suna kiransa Salbei, sunan wani ganye ne, man da ake haɗa shi da shi kuma Tonka ko R-Stoff, na makamin kakkaɓo jirage Wasserfall kuma Visol.

Tarihi_Madubi:
Kuma al'adar ta girmi roka. A yaƙin duniya na ɗaya akwai T-Stoff amma hayaƙi ne mai sa hawaye, shi suka harba wa Rashawa a Bolimów a Janairun 1915, harsashin igwa wajen 18,000, sanyi ya hana shi tashi ya zama asara. A da B ma a lokacin sunayen hayaƙin sa hawaye ne. Daga baya suka koma fenta kuros mai launi a jikin harsashi, kore, shuɗi, rawaya, mai rawayan shi ne gas ɗin mastad. To wannan kam don sojan igwa ya gane wanda zai ɗauka ne, ya goyi bayan su Injiniya da Direba.

Dan_Damagaram:
To Malam Tarihi ga wanda ya goyi bayanmu. Tabun, guba mai kisa, da Gerhard Schrader ya gano a kamfanin IG Farben a 1936 yana neman maganin ƙwari, da sarin a 1938, sunan da aka ba su Trilon, tabun shi ne Trilon 83. Trilon kuwa sunan wani sinadarin wanki ne da kamfanin yake sayarwa a kasuwa, duk wanda ya gani a takarda zai ɗauka kayan masaƙa ne. An tara wajen tan 12,000 na tabun a Dyhernfurth, kuma Ingila da Amurka ba su farga da gaske ba sai a 1945 da suka buɗe harsasan da suka kama. Wannan ba za ka ce min sauƙin aiki ba ne.

Injiniya_Gobir:
Trilon na ba ka, wannan ɓad da sawu ne tsantsa. Amma ka lura shi suna ne na ƙarya da aka aro daga wani abu na gaske, ba harafi ba. M-Stoff fa, metanol, da M ya fara, wa aka ɓoye wa?

Hadiza_Garwa:
Ina bin ku tun safe. Wai bayan yaƙin sunayen sun mutu ne ko an ci gaba da su?

Malam_Kimiyya:
Harufan sun mutu amma ruwan yana nan. Rokar Redstone ta Amurka da ta ɗaga ɗan sama jannati Alan Shepard a 1961 barasa da ruwan oksijin take sha kamar V-2, famfonta kuma faroksaid. Soyuz ta Rasha har gobe da tururin faroksaid take juya famfunanta. Tonka ya koma TG-02 a hannun Sobiyet, da shi ake kunna injin makami mai linzami Scud. Har nahiyarmu abin ya iso, Faransa ta yi ta harba Véronique mai shan naitirik asid a Hammaguir cikin saharar Aljeriya da taimakon injiniyoyin Jamus, Nasser ya ɗauko wasunsu Masar suka yi masa al-Zafir da al-Kahir a 1962, sannan kamfanin OTRAG na Lutz Kayser ya yi gwaji a Shaba ta ƙasar Kwango zamanin Mobutu a 1977 kafin ya koma Libiya.

Bazazzagi_77:
N-Stoff fa? Shi ne ban ji an taɓo ba

Malam_Kimiyya:
Haɗin kilorin da fulorin ne, yana ƙona yashi da kankare da gilas, ruwa kuma ƙara masa haushi yake. Sun gina masa masana'anta a ƙarƙashin ƙasa a Falkenhagen gabas da Balin, amma abin da aka samu bai wuce tan 30 zuwa 50 ba kafin sojan Sobiyet su ƙwace wajen a 1945, ba a kai ga amfani da shi a yaƙi ba.

Tarihi_Madubi:
Wani abu da na tuna kan gardamar Injiniya da Dan_Damagaram. Japan ta karɓi zanen Komet ta yi nata mai suna Shusui, ya yi tashin farko 7 ga Yuli 1945 injin ya mutu ya faɗi. Su ma ba su kira ruwan da sunansa ba, T suka ce masa Ko, C kuma Otsu, wato kamar na ɗaya da na biyu a lissafinsu.

Dan_Damagaram:
Ai su ma yaƙi suke da Amurka Malam, dole su ɓoye.

Direba_Mai_Tanka:
Ko kuma su ma suna da yaran mota da za su iya juya tiyo. Ni zan kama hanya, in na sauke lodi da dare zan duba abin da Injiniya ya ce.